Yadda Ake Haɗa Na'urar Gadin Sanyin Firji Wadda Batir Zai Riƙe Fiye da Shekara

Insulin da yawancin alluran rigakafi, na mutane da na kaji, ana ajiye su ne a sanyin da bai yi ƙasa da digiri 2 ba kuma bai haura digiri 8 ba a ma'aunin Salsiyos. Mai kemis a Katsina ko mai sayar da maganin kaji a Daura ya san haka, sai dai ba shi da hanyar sanin abin da ya faru a cikin firjinsa daga rufe shago zuwa buɗewa. Idan an ɗauke wuta cikin dare a watan Afrilu, lokacin da zafin bazara ke haura digiri 40 da rana kuma ɗaki ba ya hucewa da wuri, firjin zai iya ɗumama, a maido da wuta da asuba ya sake yin sanyi, mai shago ya zo ya tarar da komai lafiya lau a ido. Na'urar da za mu haɗa tana auna sanyin firji kusan kowane minti, tana yin ƙara idan ya fita daga iyaka, sannan tana barin alamar da za a gani da safe.

Tunda amfaninta yana fitowa ne a lokacin da babu wuta, dole ta dogara da batir, kuma nan ne ainihin aikin yake. Ɗalibin da ya fara koyo da Arduino Uno, wani ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa shiri a kwamfuta, ko a kwalejin fasaha ta Hassan Usman Katsina ko a ta tarayya da ke Daura, yakan yi mamaki idan ya ga allon ya shanye batir cikin kwana biyu. Lissafin a fili yake: Uno yana jan wajen 45 mA (ma'aunin yawan wutar da kaya ke ja), batirin AA mai kyau kuwa yana ɗauke da kimanin 2000 mAh (ma'aunin wutar da batir ya tara), in ka raba sai ka sami awa 44. Ita kanta maikurokontirola, wato ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke tsakiyar allon, ba ita ce mai yawan ci ba. 'Yan kayan da ke kewaye da ita ne ke tsiyayar da wuta dare da rana, kuma su za mu bi ɗaya bayan ɗaya mu toshe.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne allon Arduino Pro Mini, nau'in 3.3V mai gudun 8 MHz, wanda ke ɗauke da ƙwaƙwalwar ATmega328P ta kamfanin Atmel, wanda Microchip ya saye a 2016. Tana da wurin ajiye shiri na 32 KB da RAM na 2 KB, kuma idan aka sa ta barci mai nauyi abin da take ja bai kai 1 µA ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na mA ɗaya. Na zaɓe ta ne domin tana samuwa da araha, manhajar rubuta mata shiri kyauta ce, kuma ba ta da cip ɗin USB a jiki wanda zai riƙa shan wuta a banza.

Akwai wasu da suka fi ta iya tattalin wuta. MSP430 na Texas Instruments, wanda allon gwajinsa mai suna LaunchPad ya fito a 2010 a kan dala 4.30, an ƙera shi ne musamman domin irin wannan aiki, haka ma jerin STM32L0 na kamfanin ST, waɗanda allunansu na Nucleo ke zuwa da na'urar loda shiri a haɗe. Duk wanda ya same su ya yi amfani da su, ƙa'idojin da zan faɗa ba za su sāke ba, amma ga mai fara koyo ban ga dalilin wahalar da kai ba. Raspberry Pi Pico na 2021 mai dala 4 allo ne mai ƙarfi, sai dai barcinsa ba ya yin nauyi kamar na waɗannan, don haka bai dace da wannan aikin ba.

Sauran kayan su ne:

- Adaftar USB zuwa siriyal, mai cip ɗin CH340 ko CP2102 ko FT232RL, wadda ke da ƙafar DTR.
- Ma'aunin zafi na DS18B20, nau'in da ke cikin kwanson ƙarfe da doguwar waya, wanda ruwa ba ya shiga.
- Razista mai 4.7k guda ɗaya da mai 1k guda ɗaya, taransista irin BC547 ko S8050, dayod 1N4148, da kwandansa mai 100 µF.
- Baza, wato 'yar ƙararrawar lantarki, irin wadda ke yin ƙara da kanta da zarar an ba ta wuta.
- Gidan batir mai cin AA guda uku, da batiran alkalin.
- Ayon na narka dalma mai siririn baki, dalma, hantsaki, biredibod (allon gwaji mai ramuka da ake soka kaya ba tare da dalma ba) da 'yan wayoyi.
- Mita, ko da mai araha ce irin DT830B, muddin tana da matakin 200 µA da na 20 mA.

Razista da taransista da dalma ana samun su wurin masu gyaran rediyo da talabijin a babbar kasuwar Katsina, kuma tsohon allon rediyo ma yana cike da su ga mai haƙurin cirewa. Allon Pro Mini da ma'aunin zafin kuwa galibi sai an aika Sabon Gari a Kano, ko Legas, ko an yi oda ta intanet. Idan za ka yi odar, sayi allo biyu ko uku, domin mataki na huɗu yana iya cin allo ɗaya a hannun sabon shiga. Mitar ita ce kayan da ba zan yarda a fara aiki babu ita ba.

1. Tabbatar da nau'in allon

Pro Mini iri biyu ne masu kama da juna, na 5V mai 16 MHz da na 3.3V mai 8 MHz, kuma 'yan kasuwa sukan haɗa su a leda ɗaya. Bambancin yana da muhimmanci, domin ATmega328P tana buƙatar wajen bolt 3.8 kafin ta yi gudun 16 MHz cikin aminci, alhali a 8 MHz bolt 2.7 ya ishe ta, mu kuwa batiranmu za su riƙa sauka daga wajen 4.7 zuwa 3. Ka ba ƙafar RAW bolt 5 daga adafta, ka haɗa GND, wato ƙafar ragi, sannan ka auna tsakanin VCC, wato ƙafar ƙari, da GND: idan mita ta nuna 3.3, allon da muke so ne. Ka duba rubutun da ke kan cip ɗin kuma, ka ga akwai harafin P bayan 328, domin wasu dabarun barcin na wannan nau'in ne kaɗai.

A lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe har riga ke yin tartsatsi idan an tuɓe ta, ka taɓa ƙarfen ƙofa ko na taga kafin ka ɗauki allon, kuma ka riƙe shi ta gefe. Wutar da jiki ke tarawa a wannan yanayi tana iya lalata cip ba tare da an ga ƙuna ba.

2. Shirya kwamfuta da loda shirin gwaji

Ka sauke manhajar Arduino IDE, wadda kyauta ce, ka saka direban adaftarka. Ka liƙa ƙafafu a jikin allon, sannan ka haɗa shi da adafta kamar haka: GND zuwa GND, VCC zuwa VCC, TX na adafta zuwa RX na allo, RX na adafta zuwa TX na allo, DTR zuwa DTR, wanda a wasu alluna aka rubuta GRN. Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa TX da TX. A cikin manhajar ka zaɓi "Arduino Pro or Pro Mini", ka zaɓi ATmega328P mai 3.3V da 8 MHz, ka loda misalin Blink. Ɗan ƙwan da ke ƙafa ta 13 zai riƙa kamawa daƙiƙa ɗaya yana mutuwa daƙiƙa ɗaya. Idan ya ninka wannan saurin, allon mai 16 MHz ne aka sayar maka. Ka lura da wane ƙwai ne ke ƙyaftawa da wanda ke kunne dindindin, za mu dawo kansu.

Wanda ba shi da adafta amma yana da Uno mai cip ɗin da ake zarewa, sai ya zare cip ɗin daga mazauninsa, ya haɗa 5V zuwa VCC, GND zuwa GND, RESET zuwa RST, kuma a nan kaɗai TX ke zuwa TX, RX zuwa RX. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya amfani da manhajar ArduinoDroid a wayar Android tare da wayar OTG. Rubutu a kan ƙaramin gilashi yana da gajiyarwa, amma aikin yana yiwuwa.

3. Haɗa da'irar a kan biredibod

Ma'aunin DS18B20 yana da waya uku: ja zuwa VCC, baƙa zuwa GND, ta ukun, wadda yawanci rawaya ce, zuwa ƙafa ta 2. Ka sa razista mai 4.7k tsakanin rawayar da VCC, domin in babu ita ba za a karanta komai ba. Wannan razistar ba ta shan wuta idan layin yana hutawa, don haka kada ka damu da ita. Idan ka juya ja da baƙa ma'aunin zai yi zafi nan take, kuma sau da yawa ya tafi ke nan.

Kafin ka sa baza, gwada ta da batir biyu: idan ta yi ƙara mai ɗorewa ita ce, idan ta yi "kas" sau ɗaya ta yi shiru, ɗayan nau'in ce kuma ba za ta yi da wannan shirin ba. Kada ka rataya ta kai tsaye a ƙafar ƙwaƙwalwa, domin tana iya jan 30 mA, ƙafar kuwa bai kamata a ɗora mata fiye da 20 mA ba. Daga ƙafa ta 5 ka bi ta razista mai 1k zuwa bes na taransista, emita ta tafi GND, kolekta ta tafi ƙafar baza mai alamar ragi, ƙafarta mai alamar ƙari ta tafi VCC. Dayod ɗin ka gicciya shi a kan ƙafafun bazar, gefen da ke da zobe yana fuskantar VCC. Jerin ƙafafun BC547 ya saɓa da na S8050, saboda haka ka duba takardar bayanin wanda ke hannunka maimakon yin zato. Kwandansa mai 100 µF ta zauna tsakanin VCC da GND, domin idan baza ta fizgi wuta daga batirin da ya fara rauni kada ƙwaƙwalwa ta sake tashi daga farko.

4. Cire masu shan wuta daga jikin allon

A nan hannu ke bukatar natsuwa. Abu biyu ne a jikin Pro Mini ke shan wuta ko ƙwaƙwalwa tana barci: ƙwan da ke nuna cewa akwai wuta, da regileta mai rage ƙarfin wuta zuwa 3.3V. Ƙwan kaɗai yana iya jan 1 mA ko fiye, ya danganta da razistar da aka sa masa, wato ya ninka abin da ƙwaƙwalwa mai barci ke ja fiye da sau ɗari. Barin sa a jiki tamkar cika randa mai yoyo ne.

Ka cire duk wata wuta daga allon, ka kafe shi a kan tebur da salatif. Ka gano ƙwan da ke kunne dindindin, ba na ƙafa ta 13 ba, domin wancan shi ne zai zama alamarmu ta safe. Ka ɗora ɗan ɗigon dalma a bakin ayon yadda zai taɓa gefuna biyu na ƙwan a lokaci guda, ka jira daƙiƙa biyu ko uku, ka ture shi gefe a hankali. Zai manne a bakin ayon ya taho. Idan ƙwan yana wurin da ayon ba ya shiga, cire 'yar razistar da ke kusa da shi ma ya wadatar, tunda a layi ɗaya suke.

Regileta ita ce 'yar baƙar aba mai ƙafa biyar kusa da ƙafar RAW, uku a gefe ɗaya, biyu a ɗayan. Tunda za mu ba allon wuta ta VCC kai tsaye ba ma bukatar ta, kuma idan aka bar ta wuta kan riƙa komawa cikinta ta baya tana zurarewa. Ka narkar da gefen mai ƙafa biyu, ka ɗaga shi kaɗan da hantsaki, sannan ka narkar da ɗaya gefen ka zare ta. Kada ka ja da ƙarfi tun dalma ba ta narke ba, domin za ka ɓamɓaro siririn layin tagulla da ke ƙarƙashi. Bayan ka gama, ka duba da kyau, da gilashin ƙara girma ko kyamarar waya, ko dalma ta haɗe ƙafafu biyu, sannan ka sa mita a matakin ƙara, ko na auna razista idan mitarka ba ta da shi, ka tabbatar VCC da GND ba su haɗu ba. Allon asali na SparkFun yana da wata 'yar gadar dalma da idan aka share ta za a raba regileta da ƙwan gaba ɗaya, amma kwafin da ke yawo a kasuwa ba kasafai suke da ita ba.

Idan janareta kake amfani da shi, ko ayon ɗinka ba shi da waya ta uku ta ƙasa, ka bar shi ya yi zafi sosai, ka zare shi daga soket, sannan ka taɓa allon. Masu gyaran waya sun daɗe da sanin wannan dabara. Daga yanzu kuma ka tuna cewa babu abin da ke tsakanin batir da ƙwaƙwalwa: bolt ɗin da ya wuce 5.5, ko juya ƙari da ragi, zai kashe ta.

5. Rubuta shirin

Daga wurin sauke laburare, wato ƙananan shirye-shiryen da wasu suka riga suka rubuta, a cikin manhajar ka saka OneWire da DallasTemperature da Low-Power na Rocket Scream, sannan ka rubuta wannan:

```
#include <LowPower.h>
#include <OneWire.h>
#include <DallasTemperature.h>

OneWire layi(2);
DallasTemperature maauni(&layi);
byte kirga = 0;
bool anWuce = false;

void setup() {
  for (byte i = 3; i <= 19; i++) {
    if (i != 5 && i != 13) pinMode(i, INPUT_PULLUP);
  }
  pinMode(5, OUTPUT);
  pinMode(13, OUTPUT);
  maauni.begin();
  maauni.setResolution(10);
  maauni.setWaitForConversion(false);
}

void loop() {
  maauni.requestTemperatures();
  LowPower.powerDown(SLEEP_250MS, ADC_OFF, BOD_OFF);
  float zafi = maauni.getTempCByIndex(0);

  if (zafi < 2.0 || zafi > 8.0) {
    if (kirga < 10) kirga++;
  } else kirga = 0;

  byte zagaye = 8;
  if (kirga >= 10) {
    anWuce = true;
    zagaye = 1;
    digitalWrite(5, HIGH);
    LowPower.powerDown(SLEEP_250MS, ADC_OFF, BOD_OFF);
    digitalWrite(5, LOW);
  }

  for (byte i = 0; i < zagaye; i++) {
    if (anWuce) {
      digitalWrite(13, HIGH);
      LowPower.powerDown(SLEEP_30MS, ADC_OFF, BOD_OFF);
      digitalWrite(13, LOW);
    }
    LowPower.powerDown(SLEEP_8S, ADC_OFF, BOD_OFF);
  }
}
```

Babu delay ko ɗaya a cikin shirin, kuma da gangan ne: a cikin delay ƙwaƙwalwa a farke take tana ƙirga, tana jan wuta kamar tana aiki. A madadinsa muna sa ta barci, wani ɗan agogo na cikin gida mai gudun 128 kHz ya tashe ta. Iyakar barcin da agogon ke bayarwa daƙiƙa 8 ne, shi ya sa muke maimaita shi sau takwas mu sami kimanin daƙiƙa 64. Agogon ba shi da daidaito, yana iya kaucewa da kusan kashi goma cikin ɗari, wanda ba komai ba ne ga gadin firji. Mai son rubuta ainihin lokaci sai ya ƙara agogon DS3231.

ADC_OFF yana kashe sashen auna bolt yayin barci, BOD_OFF kuma yana kashe mai gadin faɗuwar wuta, wanda shi kaɗai ke jan wajen 20 µA. Ƙafafun da ba a amfani da su mun ja su sama ne domin ƙafar da aka bari a sake takan riƙa lilo tsakanin sama da ƙasa tana ɓarnar wuta. Ma'aunin mun sa shi a bit 10, wanda ke gama awo cikin kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa maimakon milisakan 750 na bit 12, kuma tazarar rubu'in digiri da yake bayarwa ta ishe mu. Ƙirga goma kafin ƙara kuwa domin kada buɗe ƙofar firji na ɗan lokaci ya tayar da hankalin mutane.

Lambobi biyu ne ya kamata ka haddace. Idan awo ya nuna -127, waya ta tsinke ko razistar 4.7k ba ta zauna ba, kuma shirin zai ɗauke shi a matsayin haɗari ya yi ƙara, wanda haka ake so. Idan ya nuna 85 daidai, an karanta ma'aunin ne tun bai gama awo ba. Idan ka ƙara Serial.print domin ganin lambobin yayin gwaji, ka sa Serial.flush kafin barci, in ba haka ba rubutun zai fito a yanke, kuma ka goge su idan ka gama.

6. Auna wutar da na'urar ke ja

Kada ka yarda da lissafi sai mita ta tabbatar. Ka zare adafta gaba ɗaya, domin barin ta a haɗe yana ɓata awon, kuma bai kamata batir da USB su haɗu a kan VCC ba. Ka haɗa baƙar wayar gidan batir da GND, jar wayar kuma ta shiga jan tsinken mita, baƙin tsinken ya tafi VCC, wato wutar ta bi ta cikin mitar kafin ta isa allon. Mitar da ke matakin auna karan ba a ɗora ta a kan bakunan batir biyu, nan take fis ɗinta zai ƙone.

Ka fara a matakin 20 mA. Za ka ga lamba ta ɗan yi tsalle lokacin farkawa sannan ta faɗi kusan sifiri. Domin ganin abin da ke gudana a barcin sai an sauka matakin 200 µA, kuma a nan sababbi ke rikicewa. A wannan matakin akwai razista mai girma a cikin mitar, wadda a mitoci masu araha takan kai 1k, don haka da zarar ƙwaƙwalwa ta farka ta nemi 'yan mA sai wutar ta faɗi, allon ya sake tashi, ya sake faɗuwa, mutum ya zaci ya lalata shi. Maganin shi ne ka gicciya 'yar waya tsakanin tsinkayen mitar biyu yayin da allon ke tashi, ka bari ya shiga barci, sannan ka ɗage wayar ka karanta cikin daƙiƙa takwas ɗin. Ka jira lambar ta zauna, domin kwandansa tana ɗan jinkirta ta.

Allon da aka gyara daidai yana nuna ƙasa da 10 µA. Idan ka ga ɗaruruwa, ka bi su da tsari: zare ma'aunin zafi ka sake aunawa, zare taransista ka sake aunawa, zare kwandansa, domin tsohuwar kwandansa da aka ciro daga rediyo takan yi yoyo. Duk abin da cire shi ya sa lambar ta faɗi, shi ne mai laifin. Idan an zare komai lambar ba ta sauka ba, ka goge ragowar man dalma da ke jikin allon da sifirit da tsohon buroshin haƙori, in har yanzu ba ta sauka ba to cip ɗin ne ba na gaskiya ba, sai a ɗauko allo na biyu.

Yanzu ga lissafin. A ce barci yana cin 7 µA, farkawa kuma mu kai ta sama da gangan mu ce 7 mA na rubu'in daƙiƙa a kowane daƙiƙa 64, wanda matsakaicinsa 27 µA ne. Jimilla 34 µA. Raba 2000 mAh da 0.034 mA yana ba da awa kusan 59,000, fiye da shekara shida a takarda. A zahiri batirin zai tsufa da kansa kafin nan, musamman a zafi irin namu, amma wuce shekara ba abin shakka ba ne idan ƙararrawar ba ta yawan tashi. Da an bar ƙwan nan yana jan 1.5 mA, da batirin bai cika wata biyu ba.

7. Gwada gaskiyar ma'aunin

Ana yawan samun jabun DS18B20, saboda haka ka farfasa ƙanƙara ka cika kofi, ka zuba ruwa kaɗan, ka juya, ka tsoma kan ma'aunin na minti biyar kana kallon lambar a kwamfuta. Na gaskiya ba ya kaucewa sifiri da fiye da rabin digiri. Idan ya kauce da digiri ɗaya ko biyu ka canza shi, kada ka gyara da lissafi, domin tsakanin 2 da 8 babu filin yin sakaci. Daga nan ka bar shi a cikin ƙanƙarar da batir na minti goma sha biyu ka ji ƙarar, ka fito da shi ka sa a firji mai sanyi daidai, ka tabbatar ƙarar ta tsaya amma ƙwan yana ci gaba da ƙyaftawa har sai an danna maɓallin RESET.

8. Batir da kafawa

Dalilin zaɓar AA uku shi ne DS18B20 yana bukatar aƙalla bolt 3, kuma uku a jere suna farawa daga wajen 4.7 su ƙare a 3, duk cikin iyakar da ƙwaƙwalwa da ma'aunin ke ɗauka. Batir biyu ba za su yi ba. Ka guji batiran tocila masu araha, waɗanda ba alkalin ba, domin ƙarfinsu kaɗan ne kuma sukan zubar da ruwa su cinye ƙarfen gidan batir. Batirin litiyom 18650 da aka ciro daga tsohuwar laftof shi ma zai yi, tunda 4.2 ne cikarsa, amma sai da allon caji na TP4056 mai kariya, kuma duk wanda aka rubuta wa 9900 mAh ƙarya ce, na gaskiya ba sa wuce 3500 da yawa.

Idan kana son na'urar ta san ƙarfin batirinta, kada ka yi amfani da razistoci biyu masu 10k wajen raba bolt kamar yadda ake yi a darasin farko, domin su kaɗai za su riƙa jan 225 µA, fiye da ninki shida na duk abin da na'urar ke ci. ATmega328P tana iya auna wutarta ta hanyar kwatanta ta da ma'aunin 1.1V da ke cikinta ba tare da ƙarin kaya ba. Kafin ka kai ga koyon haka, auna batiran da mita duk bayan wata uku, ka sauya su idan jimillarsu ta sauka zuwa 3.4.

Ka mayar da da'irar kan allon dalma mai ramuka, domin ƙurar hunturu tana shiga biredibod ta kwance haɗin. Ka sa ta a ƙaramin akwatin roba, ka huda wurin ƙwai da na baza da na maɓalli, ka manna shi a wajen firji nesa da bayansa inda injin ke fitar da zafi. Wayar ma'aunin ta shiga ta gefen da ƙofar ke maƙale, a shimfiɗe a kan robar bakin ƙofa, kan ma'aunin kuma a tsoma shi cikin 'yar kwalbar ruwa a kanta ta tsakiya, kada ya taɓa bangon baya, domin zafin ruwan ya fi kusa da na maganin da ke cikin kwalba fiye da na iskar da ke sauyawa duk sa'ad da aka buɗe. A asibiti ko wurin ajiyar rigakafi na hukuma, wannan na'ura ƙari ce a kan ma'aunin da aka tantance, ba madadinsa ba.

Buƙatar da masu shago ke kawowa bayan sun saba da ita ita ce ta riƙa aika saƙo a waya. Ana yi, amma lissafin wutar yana sauyawa gaba ɗaya: SIM800L, allon da ake sa wa layin waya domin aika saƙo, yana fizgar har 2 A, wato 2000 mA, lokacin aikawa kuma yana son bolt 3.4 zuwa 4.4, don haka sai batirin 18650 da babbar kwandansa da taransistar MOSFET da za ta yanke masa wuta ɗungurungum har sai an ƙirga goman nan. ESP32 kuwa, wani nau'in ƙwaƙwalwa mai Wi-Fi wanda cip ɗinsa ke sauka wajen 10 µA a barci, yawancin allunansa na gwaji suna ɗauke da regiletar AMS1117 mai jan kusan 5 mA ita kaɗai, saboda haka a kansa ma sai an maimaita mataki na huɗu da na shida, a sauya regiletar da wata mai ƙaramin ci wadda za ta iya ɗaukar nauyin Wi-Fi, a sake aunawa.